Darasi na 9: Kuɗin Mota Daban, Kuɗin Gida Daban

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son ɗalibi ya iya:

1. bambanta ciniki da riba a sana'ar ɗaukar kaya;
2. lissafa abin da sawu ɗaya na babbar mota ya ci da abin da ya bari;
3. bayyana dalilin raba kuɗin mota da kuɗin cefane;
4. rubuta shafi ɗaya na littafin mota da hannunsa.

Kaduna mahaɗar hanyoyi

Wanda ya tsaya a gadar Kawo da sassafe zai ga arzikin Arewa yana tafiya a kan taya. Ta nan hanyar Zariya da Kano ta fita. Daga shataletalen Mando wata hanyar ta miƙe zuwa Buruku da Birnin Gwari har jihar Neja. Titin Nnamdi Azikiwe, wanda jama'a ke kira baifas, shi ke kwashe manyan motoci ta Kurmin Mashi da Bakin Ruwa ya kai su bakin hanyar Abuja ba su ratsa tsakiyar gari ba. A Mararrabar Jos kuwa tireloli da tankoki ke kwana a jere gefen titi.

Ba dukan motocin nan ne na manyan kamfanoni ba. Akwai mai tifa ɗaya da ke kai yashi wuraren gini a Rigasa da Rigachikun. Akwai mai kanta da ke jiran lodin katako ko siminti a Panteka. Akwai mai roka da ke kwaso masara daga Giwa ko Soba ko Saminaka ya kai Dawanau a Kano, da wanda ke kai tumatir kasuwar Mile 12 a Legas. Mutanen Kaduna ba su manta da marigayi Alhaji Ahmadu Chanchangi ba, wanda ya yi ƙarfi a harkar manyan motoci kafin ya kafa kamfanin jiragen sama a 1994. Irin wannan labari kan sa mutum ya sayar da gona, ko ya tattara kuɗin sallamarsa daga aiki, ya sayi mota.

Sana'a ce mai albarka, amma tana da tarko. Kuɗi masu kauri suna bi ta hannun mai mota kullum, sai shi da iyalinsa da danginsa su ɗauka duka nasa ne. Alhali kaso mafi girma na motar ne, kuma za ta karɓi abinta ko ba daɗe ko ba jima.

Abubuwan da ke cin kuɗin mota

*Man gas.* Shi ne kan gaba. Tun kafin a cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, gas ba shi da tallafi, kasuwa ce ke yanka masa farashi. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin shekara guda, daga baya ya haura naira 1,000. Matsalar ita ce kuɗin ɗaukar kaya ba ya tashi da saurin da gas ke tashi, domin mai kaya yana da wasu motocin da zai kira.

*Taya.* Zafin kwalta a watannin Maris da Afrilu, da ramuka, da lodin da ya wuce ƙima, su ke kashe taya. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta. Idan ka ga 2522, an yi ta a mako na 25 na shekarar 2022 ke nan. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin kada a yi aiki da tayar da ta wuce shekara huɗu da yi. Mai sayen tayar gwanjo ya duba lambobin nan kafin ya biya, don araha ba ta ado.

*Sabis da gyara.* Baƙin mai, filta, birki, kuloci, sifirin, batir. Kusan duk kayan gyaran nan daga waje ake shigo da su, shi ya sa tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi, kuɗinsu ya bi ta. A kasuwa akwai sabo, akwai na gwanjo, akwai jabu mai kama da sabo. Mai mota da bai san bambancinsu ba zai sayi abu ɗaya sau biyu, ya biya bakanike sau biyu.

*Takardu.* Lasisin direba, lasisin mota, takardar shaidar lafiyar mota, inshora, da na'urar ƙayyade gudu da aka fara tilasta wa motocin haya tun 2017. Daga watan Janairun 2023 mafi ƙarancin inshorar babbar motar haya, wato wadda ke biyan ɓarnar da mota ta yi wa wani, ya koma naira 100,000 a shekara. Wanda ke son tsarin Musulunci akwai kamfanonin takaful. A cikin jihar Kaduna jami'an KASTLEA, masu kula da dokokin hanya, na duba takardu da yadda aka yi lodi. Takarda ɗaya da ta ƙare tana iya kwantar da mota da kayan mutane a kanta.

*Kuɗin hanya.* Tikitin yuniyon a tasha, harajin kayan gona, rasit na ƙananan hukumomi, da abin da ake miƙawa a shingaye, wani da rasit wani babu. Ɗai-ɗai ƙanana ne, sai an tara su a ƙarshen tafiya ake sanin nauyinsu.

Direba, ɗan kamasho da mai kaya

Mai motar da ba ya tuƙi da kansa ya damƙa dukiyarsa ne a hannun wanda ba ya gani. Ƙorafin masu mota sananne ne: direba ya zuƙe gas ya sayar, ya ɗauki ƙarin kaya ko fasinja a hanya bai faɗa ba, ko ya ce an sauya abin da ba a sauya ba. Direbobi ma suna da nasu: a tura su tafiya da kuɗin hanya kaɗan, a ƙi gyara birki sai ya tsinke, a riƙe musu haƙƙinsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Direban da ba a biya kan lokaci zai biya kansa daga tanki.

Maganin abin shi ne magana a fili tun ranar farko, a gaban shaidu: albashi ne ko kaso, nawa ne kuɗin abinci, lita nawa ake sa ran hanyar za ta sha, wa zai biya tara idan laifin tuƙi ne. Sharaɗin nan ya fi zama dole idan direban ɗan'uwa ne. Korar bare magana ɗaya ce, korar ƙanen matarka kuwa sai an yi zaman dangi.

Ɗan kamasho shi ke haɗa mota da kaya, yana cire nasa kafin mota ta tashi. Mai kaya kuma wani lokaci yakan ba da rabin kuɗi ya ce saura sai an sauke, an sauke ya ce sai an sayar. Bashin da ba a rubuta ba musu ne ke binsa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ne a rubuta bashi a kafa shaidu.

Ranakun da mota ba ta motsi

Mota tamkar doki ce, a hau ko kada a hau sai ta ci. Ranar da take gareji inshora na tafiya, lasisi na tafiya, direba da yaron mota na jiran abinci, gida na jiran cefane.

Wasu ranakun zaman ba laifin kowa ba ne a cikin gida. A ƙarshen watan Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu na wasu kwanaki, motoci suka tsaya, tumatir ya faɗi warwas a Arewa. A farkon 2023 sauyin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya, direba na da kuɗi a banki amma ba shi da abin biyan mai faci a ƙauye. An kwashe shekaru motoci na jiran rakiyar jami'an tsaro kafin su bi hanyar Birnin Gwari. Ita ma hanyar Abuja zuwa Kano mai tsawon kilomita 375, da aka ba da kwangilar sake gina ta a ƙarshen 2017, sashen Kaduna zuwa Kano ne aka buɗe a watan Mayun 2023, na Abuja ya ci gaba da cinye wa direbobi lokaci da taya. Da damina kuma kogi kan cika, hanyoyin ɗibar yashi su caɓe, aikin gini ya ja baya.

Saboda haka mai mota ba ya lissafa wata da kwana talatin na aiki. Ranakun aiki su ke ciyar da ranakun zama.

Lissafin sawu ɗaya

Alƙaluman da ke ƙasa na koyon lissafi ne kawai. Malami da ɗalibai su sauya su da farashin da ake ciki a yau.

A ɗauka mota mai taya shida ta ɗauki buhu 100 na masara daga Kaduna zuwa Kano, tafiyar kimanin kilomita 230, kowane buhu a kan naira 3,000. A dawowa ta samo kaya na naira 150,000.

*Abin da ya shigo*
Zuwa: 100 × 3,000 = 300,000
Dawowa: 150,000
Jimilla: 450,000

*Abin da aka kashe a tafiyar*
Gas, lita 150 a kan 1,200: 180,000
Direba da yaron mota: 45,000
Kuɗin hanya da rasit: 25,000
Kamasho: 20,000
Abinci: 10,000
Jimilla: 280,000

450,000 a cire 280,000, saura 170,000. Wannan shi ne abin da direba zai kawo, kuma a nan ne ake yin kuskure. Wannan kuɗi bai zama riba ba tukuna, domin tafiyar ta ci wasu abubuwan da ba a biya a ranar ba.

Dubi taya. Idan kowace naira 200,000 ce, shida sun kama 1,200,000. Idan suna yin sawu 48 kafin su suɗe, a raba 1,200,000 gida 48, kowane sawu ya ci tayar naira 25,000. Haka ake lissafa sauran.

*Abin da za a ware wa mota*
Taya: 25,000
Sabis da gyara: 35,000
Takardu da inshora: 10,000
Tanadin sabon inji ko wata mota: 30,000
Jimilla: 100,000

170,000 a cire 100,000, saura 70,000. Ita ce riba. Daga cikinta ne gida ke da haƙƙi.

Yanzu a ɗauka ba a samu kayan dawowa ba, mota ta dawo wayam. Abin da ya shigo 300,000 ne, an kashe 280,000, direba ya kawo 20,000. A ido an samu wani abu. A lissafi kuwa mota na bin 100,000, an yi faɗuwar 80,000 ke nan. Wannan ne ya sa gogaggen mai mota ba ya tayar da motarsa sai ya fara neman kayan dawowa ta waya.

Yadda mota ke shiga cikin gida

Damuwar mota ba ta tsayawa a gareji. Wayar mai mota ba ta kwana a kashe, kuma kiran ƙarfe biyun dare ba ya zuwa da albishir. Mutumin da ya yini yana jayayya da bakanike da ɗan kamasho yakan shigo gida rai a ɓace, yaro ya tambayi kuɗin littafi ya sha tsawa. Idan shi ke tuƙi da kansa, sai a yi suna ko a kwantar da yaro a asibiti yana Legas yana jiran a sauke kaya. Uwargida ce ke riƙe da gida, ita ke jiran waya kuma. A ƙarshen 2021, lokacin da aka katse layukan waya a wasu sassan jihar Kaduna na kusan wata biyu saboda tsaro, iyalai da yawa sun kwana ba su san inda direbansu yake ba.

Ga kuma dangi. Tunda ana ganin mota a ƙofar gida, an gama yanke hukunci cewa akwai kuɗi. Wannan zai kawo katin biki, wancan zai ce a kai masa kayan ɗaki Zariya kyauta, ai motar gida ce. Taimakon dangi abu ne mai kyau da lada, amma daga riba ake yin sa. Wanda ya yi kyauta da kuɗin taya, ranar da taya ta fashe bashi zai ci.

Karanta wannan hira tsakanin wani mai mota da matarsa:

"Maigida, an turo takarda daga makarantar yara. Sun ce ranar Litinin ce ƙarshe."

"Hajiya, ki yi haƙuri zuwa wani makon. Babu kuɗi yanzu."

"Ikon Allah. Jiya da idona na ga direba ya kawo maka kuɗi a leda."

"Na mota ne. Ɗazu ya kira ni daga wajen Jaji, ya ce, 'Alhaji, ranka ya daɗe, kuloci ya ƙone.' Abin da ya kawo jiya ko rabin gyaran bai kai ba."

"To ni ina zan sani? Kullum mota, kullum mota. Da ka nuna mini yadda abin yake, da kwasar adashina ta makon jiya ban sayi atamfa ba."

Babu maƙaryaci a cikinsu. Ita ta ga kuɗi sun shigo, shi ya san inda za su tafi. Abin da ya haɗa su faɗa shi ne lissafin yana cikin kan mutum ɗaya. Matar da ta san mota na da kasonta ba za ta zargi mijinta da rowa ko ɓoye-ɓoye ba. A gidaje da dama ma ita ce ta fi iya riƙe littafin, ko ɗansu da ke makarantar sakandare. Akwai wata fa'idar kuma: idan ciwo ko mutuwa ta zo wa maigida, iyali sun san wa ake bi, wa ke bin su, da inda takardun mota suke.

Ƙa'idoji shida na mai mota ɗaya

1. Ka buɗe wa mota asusunta daban, a banki ko a wurin ajiyar da hannu ba ya kaiwa da sauƙi. Kuɗin taya da gyara su shiga can ranar da aka dawo daga tafiya.
2. Ka yanka wa kanka albashi daga riba, kowane mako ko kowane wata. Da shi za a yi cefane, haya da kuɗin makaranta. Watan da aka samu da yawa kada a ƙara, rarar ce za ta riƙe watan da ba a samu ba.
3. Ka rubuta kowane sawu: rana, inda aka je, irin kaya, kuɗin da aka yi, litar gas, da abin da aka kashe. Bayan sawu goma littafin zai nuna maka hanyar da ke biya da wadda ke cin ka.
4. Ka yi sabis a kan lokaci, kada ka jira mota ta tsaya. Gyaran gareji a Kaduna ya fi gyaran daji sauƙi, don na daji har da kuɗin janwe da na gadin kaya.
5. Kada kwaɗayin ƙarin buhu ashirin ya sa ka yi lodin da ya fi ƙarfin mota. Abin da za ka samu bai kai kuɗin sifirin ko taya ɗaya ba, balle ran mutum.
6. Ka zauna da iyalinka sau ɗaya a wata ku duba littafin tare. Idan dole ta sa an ɗauki kuɗin mota don lalurar gida, a rubuta shi bashi, a mayar.

Tambayoyi

1. Ambaci hanyoyi uku da manyan motoci ke bi su fita daga Kaduna, da garuruwan da suke kaiwa.
2. Mene ne bambancin kuɗin da direba ya kawo da riba?
3. Taya mai lamba 1021, yaushe aka yi ta? A wace shekara ta cika shekara huɗu?
4. Kawo dalilai uku da ke sa mota ta zauna ba aiki ba tare da ta lalace ba.
5. A hirar da ka karanta, me ya jawo saɓani tsakanin maigida da uwargida?

Aikin lissafi

1. Tifa tana yin sawu 4 na yashi a rana, kowane sawu ana biyan naira 60,000. Nawa ta yi a rana?
2. A kowane sawu ana kashe 45,000 a kan yashi, 'yan lodi, gas da tikiti. Nawa ya rage a ƙarshen rana?
3. Idan ana ware wa mota 35,000 kullum, nawa ce ribar rana? Nawa ce ribar wata idan an yi aiki kwana 20?
4. A misalin tafiyar Kano, idan litar gas ta koma 1,400 amma kuɗin ɗaukar kaya bai canza ba, nawa ribar za ta koma?

Tattaunawa a aji

Ku kasu gida biyu. Wani ɗan'uwa ya nemi a kai masa kayan amarya daga Unguwar Dosa zuwa Zariya kyauta. Rukuni ɗaya ya faɗi abin da mai mota zai ce masa ba tare da zumunci ya ɓaci ba. Ɗaya rukunin ya lissafa abin da tafiyar za ta ci, ya faɗi wanda ya kamata ya biya.

Aikin gida

Ka ja layi a takarda ka yi gida biyar: rana, abin da ya shigo, abin da aka kashe, abin da aka ware wa sana'a, abin da ya rage wa gida. Ka cike ta na kwana bakwai da sana'ar da kake yi, ko Keke Napep ce, ko ɗinki, ko sayar da abinci. Ka zo da ita aji mako mai zuwa.